Roger Connor: sarauta ba naɗi

Ranar 18 ga Yulin 1921, a filin Navin da ke birnin Detroit, Babe Ruth ya maka wa ƙwallo kulki ta tashi sama ta tsallake katanga ta bar filin baki ɗaya. 'Yan kallo sun yi sowa, domin bugu ne irin wanda ba a saba gani ba. Amma ba a tsayar da wasa ba, ba a yi jawabi ba, ba wanda ya fito da wata kyauta. Wannan bugun shi ne hom-ron na 139 a rayuwar Ruth, kuma da shi ya zarce kowa a tarihin manyan gasannin besbol na Amurka. Mutumin da ya zarce ɗin yana nan da ransa a lokacin, dattijo ɗan shekara 64, zaune a garinsu Waterbury da ke jihar Connecticut. Sunansa Roger Connor, yana da 138, kuma ya shekara 26 yana riƙe da wannan kambu ba tare da an taɓa kiransa da shi ba.

Lamarin Connor ya cancanci a zauna a duba shi, domin yana nuna yadda mutum zai fi kowa a wani abu, a gaban dubban idanu, kuma a rasa mai lura, saboda abin da ya fi kowa a kai bai riga ya zama abin ƙirgawa ba.

Wasan, a taƙaice

Besbol ba wasanmu ba ne, don haka sai an ɗan share fage. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili, sannan su yi musaya. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin dukanta da kulki. In ya dake ta sai ya yar da kulkin ya ruga. A gabansa akwai zango uku da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowanne ƙafa 90, na huɗu kuma shi ne gida, inda ya taso. Wanda ya zagaya ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Masu tsaro kuwa aikinsu su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su riga mai gudu kai ta zango, su fitar da shi. In an fitar da mutum uku, turmin wannan ɓangare ya ƙare. Wasa turmi tara ne.

Hom-ron shi ne bugun da zai ba mai shi damar zagaye zangunan nan duka ya dawo gida ba tsayawa. Yau galibi ana samun sa ne in ƙwallo ta tsallake katanga. Ana kuma auna ƙwarewar mai bugu da wani lissafi: cikin duk zuwan da ya yi, sau nawa ya daki ƙwallo ya isa zango lafiya. Wanda aka rubuta wa .300 ya yi nasara sau uku cikin goma ke nan, kuma a wannan wasa hakan gwaninta ce.

Daga masana'antar tagulla zuwa Troy

An haifi Connor ranar 1 ga Yulin 1857. Iyayensa baƙin haure ne daga Ailan, cikin ɗimbin mutanen da talauci ya koro zuwa Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, kuma shi ne na uku cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Waterbury gari ne na masana'antun tagulla, kuma ɗan talaka a can hanyarsa ɗaya ce: ya ɗan taɓa makaranta, ya shiga masana'anta. Haka Roger ya yi tun yana yaro. Mahaifinsa bai ɗauki wasan ƙwallo a bakin komai ba, kuma a wancan zamani ba za a ga laifinsa ba, domin sana'ar buga besbol don kuɗi jaririya ce. Sai a 1869 aka fara samun ƙungiyar da ta fito fili ta ce duk 'yan wasanta albashi take biyan su, ita ce ta Cincinnati. Gasar National League kuwa a 1876 aka kafa ta. Mahaifin ya rasu Roger bai gama zama mutum ba, nauyin gida ya faɗo a kansa, ya riƙa haɗa aikin masana'anta da buga wa ƙungiyar garinsu.

Daga nan ya wuce Holyoke a jihar Massachusetts, inda ƙarfin bugunsa ya ja hankalin Bob Ferguson. Da Ferguson ya karɓi ragamar ƙungiyar Troy ta National League sai ya ɗauko shi a 1880. Troy ƙaramin gari ne a jihar New York, ya shahara da ɗinkin riguna da wuyan riga, amma ƙungiyarsa ta tara samarin da daga baya suka zama manya: Buck Ewing, Mickey Welch, Tim Keefe.

Connor ƙato ne na gaske. Tsayinsa ƙafa shida da inci uku, nauyinsa kusan kilo ɗari, a zamanin da yawancin abokan wasansa ba su kai ƙafa shida ba. A shekararsa ta farko ya buga .332. Wajen tsaro kuwa abin ba kyan gani. An ajiye shi a zango na uku, shi kuwa bahago ne, kuma bahago a wannan gurbi sai ya juya jikinsa kafin ya iya jifa zuwa zango na farko. Ya tafka kuskure 60 cikin wasa 83. A yi masa adalci dai: da hannu tsirara ake cafe ƙwallo a lokacin, safar fata ba ta zama ruwan dare ba, filayen kuma duk gargada ne. Bayan ya samu gocewar kafaɗa aka mai da shi zango na farko, inda jifa ba shi da yawa, kuma a can ya zauna mafi yawan rayuwarsa ta wasa.

Girman jikin nan ma shi ya samo masa mata. An rasa rigar wasa da za ta shige shi, aka tura shi wata masana'antar ɗinki a Troy don a gwada shi. Yarinyar da ta riƙe awon sunanta Angeline. Ita ya aura.

Ranar 10 ga Satumban 1881 Troy ta karɓi baƙuncin Worcester a wani fili kusa da Albany. Turmi na tara, na ƙarshe, Worcester tana gaba da 7 da 4, an riga an fitar da mutum biyu na Troy, saura ɗaya wasa ya tashi. Zangunan nan uku kowanne da ɗan Troy a tsaye. Mai jifan shi ne Lee Richmond, wanda a shekarar da ta gabata ya zama na farko da ya taɓa kammala wasa ba tare da ko mutum ɗaya ya taka zango ba. Connor ya daki ƙwallon, mutum ukun suka shigo gida, shi ma ya biyo su. Maki huɗu a bugu ɗaya, wasa ya tashi 8 da 7. Wannan shi ne karo na farko da aka yi irin wannan bugu a tarihin National League. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a duk wannan shekarar hom-ron biyu kacal Connor ya yi.

Abin da ya sa hom-ron bai da daraja

Nan ne gindin maganar. A shekarunsa shida na farko, daga 1880 zuwa 1885, Connor ya yi hom-ron 15 jimla. A 1885, shekarar da ya fi kowa a gasar da .371, guda ɗaya ya yi. Kuma babu wanda ya ce ƙarfinsa ya ragu, domin ba da wannan ake auna ƙarfi ba.

Dalilan suna da yawa, kuma sun sarƙe da juna. Na farko ƙwallon kanta. Da ƙwallo ɗaya ake fara wasa, da ita ake so a gama. In ta faɗa cikin 'yan kallo sai a karɓo ta, in ta shige ciyawa sai a nemo ta. Kafin a kai turmi na shida ta yi laushi, ta yi baƙi da ƙasa da ruwan taba, ta daina tashi. Komai ƙarfin mutum, dukan irin wannan ƙwallo kamar dukan tsumma ne.

Na biyu filayen. Babu ƙa'idar nisan katanga. Wasu filayen katangarsu tana can nesa ƙwarai, har masu hali kan shigo da kekunan doki su jera a bakin fili suna kallo daga ciki. A irin wannan fili, ƙwallon da ta wuce kan masu tsaro gangarawa take yi, mai bugu kuma ya yi ta gudu. Shi ya sa ainihin alamar mai ƙarfi a wancan zamani ita ce bugu mai zango uku. A nan Connor ya yi fice tun da wuri: ya fi kowa a 1882 da 18, ya sake fin kowa a 1886 da 20, ya kuma gama da 233. Har yau mutum huɗu ne kawai suka fi shi, Sam Crawford da Ty Cobb da Honus Wagner da Jake Beckley. Wannan adadi yana gaya mana cewa ƙaton nan yana da gudu, abin da ba a cika haɗawa da irin jikinsa ba.

Na uku, dokokin wasan ba su tsaya wuri ɗaya ba. Lokacin da Connor ya fara, mai jifa yana tsayawa ƙafa 45 daga mai bugu, kuma dole ya yi jifa daga ƙasa. A 1881 aka mai da nisan ƙafa 50. A 1884 aka halatta jifa daga sama da kafaɗa, wanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Har zuwa 1886 mai bugu yana da ikon ya ce wa mai jifa a sama yake son ƙwallo ko a ƙasa, a 1887 aka soke wannan gata. A 1893 aka kai nisan ƙafa 60 da inci 6, inda yake har yau. Ke nan Connor ya buga wasa iri uku ko huɗu da suna ɗaya. Ga kuma gajartar kakar wasa: a farkon zamaninsa wasa tamanin da 'yan kai ake yi a shekara, kusan rabin abin da ake yi yanzu.

Na huɗu kuma, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ra'ayin masana wasan. Manyan marubutan wasanni na lokacin, irin su Henry Chadwick, wanda shi ya tsara yadda ake rubuta lissafin besbol, suna kallon mai neman hom-ron a matsayin mai ƙarfi ba dabara. Gwani a wurinsu shi ne mai saka ƙwallo a gurbin da babu mai tsaro, ya ciyar da abokinsa gaba zango ɗaya. Mai ɗaga ƙwallo sama caca yake yi, tunda sau da yawa a hannun mai tsaro take sauka.

Abin da ya faru a Chicago a 1884 ya ƙara zubar da mutuncin hom-ron. Filin ƙungiyar a bakin tafki ƙarami ne sosai, katangarsa ta gefe ba ta kai ƙafa 200 ba, don haka dokar filin ita ce ƙwallon da ta tsallake zango biyu take bayarwa. A 1884 suka sauya doka suka ce hom-ron ce. Ƙungiyar da ta yi 13 a shekarar baya sai ga ta da 142. Ned Williamson shi kaɗai ya yi 27, kuma 25 daga ciki a wannan fili. Da suka koma wani fili a 1885 ya yi uku. Duk mai hankali da ya ga wannan zai ce adadin hom-ron labarin katanga yake bayarwa, ba labarin ɗan wasa ba. A lura kuma, abin da Chicago ta tara a wannan shekara ɗaya ya ɗara abin da Connor ya tara cikin shekara 18.

New York

Bayan kakar 1882 shugabannin gasar suka sallami Troy da Worcester, garuruwan da ba su kawo kuɗin ƙofa, suka ba New York da Philadelphia gurabensu. John B. Day, mai sabuwar ƙungiyar New York, ya kwashi manyan 'yan Troy, har da Connor. Da farko Gothams ake kiran ƙungiyar. Daga 1885 sunan Giants, wato ƙatta, ya bi ta, kuma labarin da ake bayarwa shi ne manajansu Jim Mutrie ne ya riƙa yi wa 'yan wasansa kirari da haka. In ana neman ƙaton da ya fi cancanta da kirarin, ba sai an yi nisa ba.

Filinsu shi ne Polo Grounds na asali, a titi na 110, daf da arewacin Central Park. Ranar 11 ga Satumban 1886, Connor ya fuskanci Charles Radbourn na Boston, mai jifan da ya ci wasa kusan sittin shi kaɗai a 1884. Ya daki ƙwallo ta tsallake katangar dama ta sauka a titi na 112. Ba a taɓa ganin an fitar da ƙwallo daga wannan fili ta wannan gefe ba. Wasu dillalan kasuwar hannun jari ta New York da ke cikin 'yan kallo suka yi karo-karo suka saya masa agogon zinariya na dala 500. Kuɗi ne masu yawa, sun kai abin da lebura ke samu a shekara ko ma fiye.

Wannan agogo yana nuna wani abu da bai kamata a tsallake ba. Masana sun raina hom-ron, amma 'yan kallo ba su raina ta ba. Suna son ganin ta, suna tashi tsaye, har suna zuba kuɗi. Abin da babu shi ne al'adar tarawa: a ce wane yana da kaza a rayuwarsa, wane yana bin sa da kaza. Kowane bugu abin mamakin ranarsa ne, gobe a shiga wani zance.

Daga 1887 hannun Connor ya buɗe. Ya yi 17 a wannan shekara, adadin da bai sake kaiwa ba. A 1888 ya yi 14, uku daga ciki a wasa ɗaya da Indianapolis ranar 9 ga Mayu. A 1889 ya yi 13, ya kuma fi kowa shigo da abokan wasa gida, da 130. A waɗannan shekaru biyu Giants ta ɗauki gasar, ta kuma doke zakarun ɗaya babbar gasar, American Association, a wasannin ƙarshen shekara, St. Louis a 1888, Brooklyn a 1889. Duk da haka bai taɓa zama na ɗaya a hom-ron a National League ba, ko sau ɗaya. Wannan ma wani dalili ne na ɓacewar sunansa. Kambun nasa ba daga wata shekara ta ban mamaki ya fito ba, daga daɗewa ya fito, goma sha ɗaya nan, goma sha biyu can, shekara bayan shekara, kamar mai tara kwabo a asusu.

Halinsa ma bai taimaka wa shahararsa ba. Zamani ne na 'yan wasa mashaya, masu zagin alƙalin wasa, masu faɗa a fili da wajen fili, kuma su jaridu suka fi so. King Kelly, wanda aka sayar wa Boston kan dala 10,000 a 1887, kullum yana bakin mutane. Cap Anson na Chicago baki gare shi kamar reza. Connor kuwa shiru-shiru ne, ɗan Katolika mai riƙo da addini, in an tashi wasa gida yake nufa. An ce a duk tsawon wasansa ba a taɓa korarsa daga fili ba. 'Yarsu ta fari, Lulu, ta rasu ba ta cika shekara ba, abin ya girgiza shi ƙwarai, daga baya shi da Angeline suka ɗauko wata yarinya daga gidan marayu, Cecelia, suka riƙe. Irin wannan mutum ana girmama shi, amma ba a samun kanun labari a jikinsa.

Tawayen 1890

Akwai wuri ɗaya da mai shirun nan ya tsaya kai da fata. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙirƙiro wata ƙa'ida da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Ba shi da ikon zuwa wani wuri neman ƙarin albashi, amma su suna da ikon sayar da shi ko sallamarsa. A 1885 John Montgomery Ward, ɗan wasan Giants da ya karanta lauya, ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa tare da wasu abokansa na Giants. Connor yana cikin waɗanda aka fara da su. Ita ce ƙungiyar ƙwadago ta farko a wasannin Amurka.

A ƙarshen 1888, Ward yana can yawon duniya da tawagar Albert Spalding, shugaban ƙungiyar Chicago kuma jigo a National League, masu ƙungiyoyi suka zartar da tsarin ɗaya daga cikinsu, John T. Brush: a kasa 'yan wasa aji biyar, na sama dala 2,500, na ƙasa dala 1,500, kuma har da halin mutum a wajen fili za a duba kafin a sa shi a aji. 'Yan wasa suka ga an kai su bango. A 1890 suka fice suka kafa gasarsu ta kansu, Players' League, da ƙungiya takwas, tare da wasu attajirai da suka zuba jari. Yawancin taurarin National League sun bi su. An yi ta bin manyan 'yan wasa da kuɗi don su dawo, wasu suka karɓa. Connor bai karɓa ba. A New York an gina wa 'yan tawayen fili katanga ɗaya da na tsohuwar ƙungiyarsu, har 'yan kallon wannan suna jin sowar wancan.

A wannan gasa Connor ya buga .349, ya yi hom-ron 14, ya fi kowa. Shi ne karo ɗaya tak da ya zo na ɗaya, kuma a gasar da ta rayu shekara ɗaya. Kowane ɓangare ya yi asara a 1890, amma Spalding ya fi iya ɓoye tasa. Attajiran da ke bayan 'yan wasa suka tsorata, suka sasanta da National League, gasar ta ruguje. Ƙa'idar ɗaure ɗan wasa ta ci gaba da aiki har tsakiyar shekarun 1970.

Gangara

Sauran labarin wasansa gajere ne. Ya koma Giants a 1891, ya yi shekara ɗaya a Philadelphia a 1892, ya sake dawowa New York, sannan a tsakiyar 1894 ya tsinci kansa a St. Louis, ƙungiyar da ta lalace a hannun mai ita, Chris von der Ahe. Ranar 1 ga Yunin 1895 ya haɗu da tsohuwar ƙungiyarsa, ya zo bugu sau shida ya yi nasara sau shida, yana dab da cika shekara 38. A cikin wannan shekarar ce ya wuce Harry Stovey mai 122 ya zama na ɗaya a tarihi. Ba a yi wani biki ba. A 1896 St. Louis ta sauya manaja har biyar, Connor yana cikinsu, ya ci wasa 8 aka ci shi 37. A 1897 aka sallame shi bayan wasa 22.

Ya koma gida ya sayi ƙungiyar Waterbury a ƙaramar gasar Connecticut. Shi ne mai ƙungiya, shi ne manaja, shi ne mai tsaron zango na farko. Angeline tana riƙe da kuɗi, Cecelia tana karɓar tikiti a ƙofa. Ƙanensa Joe, wanda shi ma ya ɗan taɓa manyan gasanni, ya buga tare da shi. Da ya ajiye kulki sai ya samu aikin duba gine-ginen makarantun garin.

Yana cikin wannan zama wasan ya juye. A 1919 Ruth ya yi 29 ya karya adadin Williamson. A 1920 aka haramta shafa wa ƙwallo yawu da sauran dabarun ɓata ta, kuma bayan ƙwallo ta kashe Ray Chapman na Cleveland a watan Agustan shekarar, alƙalai suka riƙa sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Fara, mai tauri, mai tashi. Ruth ya yi 54 a 1920, ya yi 59 a 1921. Shekara biyun nan kaɗai sun ba shi 113. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa filaye, masu ƙungiyoyi suka gane inda kuɗi yake, hom-ron ta zama ma'aunin gwarzo. Sai dai lissafin ƙarni na 19 a warwatse yake cikin tsofaffin jaridu, ba wanda ya zauna ya haɗa. Har akwai waɗanda suka ɗauka Gavvy Cravath mai 119 shi ne wanda Ruth ya wuce.

Connor ya rasu ranar 4 ga Janairun 1931 yana da shekara 73, shekara uku bayan Angeline. An tuna da shi a matsayin tsohon gwarzon Giants, mutumin kirki. Da aka fara zaɓen waɗanda za su shiga zauren girmamawa na Cooperstown a 1936, sa'o'insa suka riƙa shiga: Anson da Ewing a 1939, Dan Brouthers a 1945. Shi aka bar shi a waje, alhali a zamaninsu shi da Anson da Brouthers ake jerawa in ana zancen masu tsaron zango na farko.

Yadda aka tono shi

Abu biyu suka dawo da sunansa, kuma babu hannunsa a ko ɗaya. Na farko, a shekarun 1960 wasu masu bincike suka bi tsofaffin jaridu wasa bayan wasa, suka zuba sakamakon a kwamfuta, aka fitar da babban kundin lissafin besbol a 1969. Adadin Connor ya ɗan yi ta motsi yayin da ake gyare-gyare kafin ya tsaya a 138, amma ko da wane aka ɗauka, shi ne a sama kafin Ruth. Na biyu, Hank Aaron. Ranar 8 ga Afrilun 1974 Aaron ya yi hom-ron na 715 ya wuce 714 na Ruth, Amurka duka tana kallo a talabijin. Shekara da shekaru ana ƙirga masa saura kaza, saura kaza. Cikin wannan hayaniya tambaya ta taso da kanta: to shi Ruth, wa ya wuce? Aka buɗe kundi aka ga sunan da kusan kowa ya manta. A 1976 kwamitin tsofaffin 'yan wasa ya shigar da Connor Cooperstown, shekara 45 bayan rasuwarsa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa game da kambun kansa, don kada a zuzuta shi fiye da kima. Gasar da Connor ya buga ta farare ce zalla. Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a American Association a 1884, daga nan aka rufe wa baƙaƙe ƙofa, kuma Anson yana cikin waɗanda suka fi matsawa a rufe ta. Ba a sake buɗewa ba sai 1947 da zuwan Jackie Robinson. Don haka 138 na Connor, da 714 na Ruth, adadi ne na waɗanda aka bari su shiga fili. Aaron, wanda ya sa aka tuna da Connor, baƙar fata ne daga Alabama, kuma ya sha wasiƙun barazanar kisa a lokacin da yake tunkarar adadin Ruth.

Ni a nawa ganin, ko da an cire maganar hom-ron gaba ɗaya, Connor ya isa shiga Cooperstown tun zaɓen farko-farko: bugu 2,467 masu kai wa zango, zango uku sau 233, kambun gasa biyu, shekara 18 a sahun gaba. Masu zaɓen shekarun 1930 da 1940 sun fi tunawa da masu surutu. Abin dariyar shi ne, da aka zo gyara kuskuren, ba don waɗannan aka gyara ba. An gyara ne don adadin da shi Connor da mutanen zamaninsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

A tsohuwar maƙabartar St. Joseph da ke Waterbury aka binne shi, kusa da Angeline, kuma kabarin ya shekara saba'in babu dutse mai sunansa. A 2001 mutanen garin suka tara kuɗi suka kafa masa.